Yadda Za Ka Raba wa Waya da Littafi Aiki

Yau a Zariya da wuya ka sami mai sana'ar da harkarsa ba ta ratsa ta cikin waya ba. Tela a Tudun Wada ta WhatsApp ake turo masa samfurin ɗinki, ɗan kasuwar hatsi yana jin farashin Giwa tun bai taka mota ba, ɗalibi a Samaru ko Kongo a guruf yake jin an ɗage lacca. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa, har mai kayan miya ya iya jiran alat. Matsalar ita ce mun tattara komai mun danƙa wa abin da cikin minti ɗaya za a iya raba mu da shi: caji ya ƙare ana tsakiyar ciniki, ko ta suɓuce ta fashe, ko a zare ta a cunkoson tasha.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a raba aikin. Duk abin da kake so a tuna maka, ko ka nemo shi da sauri, ko ka aika wa wani, aikin waya ne. Duk abin da zai zama hujja tsakaninka da wani, da abin da za ka nema ranar da wayar ba ta hannunka, aikin takarda ne. Matakan nan a jere suke, kuma na farkon biyu kada a tsallake su ko da sauran za su jira. Na ɗauka wayar Android ce a hannunka, irin su Tecno, Infinix, itel, Samsung ko Redmi, don su ne suka fi yawa a garin nan.

Na farko: sayi littafi ɗaya mai ƙwaƙƙwaran bango

Ɗaya nake nufi, ba uku ba. Masu sayar da kayan makaranta a Sabon Gari da Samaru duk suna da shi. Ka ware shafi biyu na farko don bayanan wayar kanta.

Danna *#06# a wurin buga kira. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar da ta bambanta wayarka da kowace waya. Idan mai layi biyu ce za ka ga guda biyu, ka kwafe su duka. A ƙasa ka rubuta lambobin mutum goma da ba za ka iya kwana biyu ba ka neme su ba: na gida, maƙwabci, abokin sana'a, wanda ka saba kira ya ɗauke ka a babur ko Keke. Da yawa daga cikinmu ba su haddace ko lambar matansu ba, sai ranar da suka ari wayar wani suke gane haka. Ka ƙara lambar PUK, wadda ake buɗe layi da ita idan ya rufe, mai alƙaluma 8, wadda take jikin katin da aka ɓalle layinka daga ciki, da lambar da bankinka ya ba da don rufe asusu daga wata wayar. Yawancin bankuna suna da irinta; tambaya za ka yi a reshe ko ka duba a manhajarsu.

Sai babban lamarin, wato adireshin Gmail. Mutane da yawa ranar da suka sayi waya yaron shago ne ya buɗe musu, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, suka kama hanya. Ba su san adireshin ba balle kalmar. Alhali wannan asusun shi ne zai dawo maka da lambobinka da hirarrakinka idan ka sake waya. Shiga saitin waya, nemi wurin da aka rubuta Google, za ka ga adireshin a sama. Idan ba ka san kalmar sirrin ba, canza ta yau tun wayar tana hannunka, ka kuma tabbatar lambar da aka jingina wa asusun taka ce, ba ta wanda ya buɗe maka ba. Adireshin ka rubuta shi a littafi. Kalmar sirrin kuwa a wata takarda dabam, a ajiye ta inda ake ajiye takardun gida ko na fili. Lambar sirrin katin ATM da ta tiransifa ba a rubuta su ko'ina. Su huɗu-huɗu ne, a haddace.

Na biyu: kulle uku

Kullen sikirin kowa ya san shi. Ka sa lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba, ko yatsa. Zanen da ake ja da yatsa ya fi sauƙin ganewa, domin wanda ke zaune kusa da kai a mota kallo ɗaya zai yi ya riƙe. A saitin sanarwa kuma ka hana rubutun saƙo fitowa a kan sikirin yana kulle, saboda lambobin da banki ke turowa.

Kulle na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma ya fi na farkon muhimmanci: kullen layi. Wanda ya ɗauki wayarka sau da yawa ba hotunanka yake nema ba. Zare layin zai yi ya sa a ƙaramar waya, tunda da layin ake shiga asusun banki ta lambobin tauraro, kuma a kansa banki ke turo lambar tabbatarwa. Wanda ya kulle sikirin ya bar layi haka, kamar wanda ya garƙame ƙofa ne ya bar taga a wangale. A cikin saiti, rubuta SIM a wurin bincike, za ka ga inda ake kulle layi. Za ta nemi lambar asali ta kamfanin, wadda ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kada ka yi ta cankar ta. Kuskure uku layin zai rufe ya nemi PUK, kuskure goma a PUK kuwa layin ya mutu, sai ka je ofis. Kira 300, lambar kula da abokan hulɗa da dukkan kamfanonin layi suke amfani da ita tun da hukumar NCC ta daidaita gajerun lambobi a 2023, ka tambaya. Da ka shiga, canza ta zuwa taka. Daga nan duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka sa layin a wata, sai an buga lambar.

Kulle na uku a WhatsApp yake. Taɓa ɗigo ukun nan na sama ta dama, shiga saiti, taɓa alamar mabuɗi, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida. Wannan ita ce ke hana irin ƙwacen da ya yi yawa a gurufan masallatai, na tsofaffin ɗalibai da na dangi: wani ya kira ka da ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗinku, ya ce za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida ka karanto masa. Lambar ta rajistar WhatsApp ɗinka ce. Da ka faɗa ya tafi da shi, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Babu wani taro da ake shiga da wannan lamba. Haka babu bankin da zai kira ya nemi lambar sirrinka ko wadda ya turo maka. Ka zauna ka bayyana wa iyaye da kakanni wannan da bakinka, don su aka fi nema.

Na uku: lambobin mutane

Lamba tana iya zama a ɗayan wuri uku: jikin layi, cikin wayar, ko asusun Google. Na ukun kaɗai ke tsira idan waya da layi suka tafi tare. A manhajar lambobi ka kwashe na layi da na waya ka mayar da su asusun Google, ka kuma zaɓe shi ya zama inda sababbi za su riƙa shiga.

Sannan ka gyara sunaye. Musa biyar a waya ɗaya ba su da amfani. Suna, sana'a, unguwa: Musa Tela Tudun Wada, Musa Kafinta Kofar Doka, Musa Mai Taya Kwangila. Ranar da sunan ya kwanta maka, kana rubuta "kafinta" zai fito.

Na huɗu: rage hayaniyar WhatsApp

Yawancin masu kukan memori ya cika ko data ba ta daɗewa, bidiyon guruf ne ke cinye su. A saitin WhatsApp, ɓangaren ma'ajiya da data, ka cire alamar da ke sa hoto, murya da bidiyo su sauko da kansu. Abin da kake so ka gani kai za ka taɓa shi. A nan ɓangaren akwai inda zai jera maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, ka share su tashi ɗaya. Tunda kuɗin kira da data suka tashi a farkon 2025, wannan ƙaramin gyaran kuɗi ne a aljihu. Da *323# kake duba ragowar data, da *310# ragowar kati.

Guruf ɗin da fita daga cikinsa zai jawo magana, kamar na dangi, rufe masa sauti kawai. Hira uku da suka fi muhimmanci ka danne su ka taɓa alamar allura, su tsaya a sama. Saƙon da ke ɗauke da lambar asusu, adireshi ko awon ɗinki, danne shi ka sa masa tauraro; duk masu tauraro wuri ɗaya suke taruwa. Akwai kuma damar tura wa kanka saƙo: idan ka taɓa alamar sabuwar hira, sunanka ne a farkon jerin. Nan ne wurin jefa abin da ya faɗo maka kana kan hanya, kafin dare ka mayar da shi inda ya dace.

Ka kunna ajiyar hirarraki zuwa asusun Google, kullum ko mako-mako, amma ban da bidiyo. Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, Gmail da Drive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Google, da hotuna duk a ciki suke ci, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ma daga ciki ake lissafa ta. Saƙonnin talla na kamfanoni kuwa, tura STOP zuwa 2442.

Na biyar: rubuta saƙon da ba sai an sake tambaya ba

Gaisuwa tarbiyyarmu ce, ba na son a yar da ita. Amma sallama ita kaɗai, a zauna jiran amsa, sannan "ya gida", a sake jira, kan sa maganar minti biyu ta kai Magariba. Haɗa gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya. Ga misali:

"Assalamu alaikum Malam, barka da yamma, ya aiki? Ni ne na kawo shadda ruwan toka yadi biyar ranar Litinin. Don Allah ina son in karɓa ranar Alhamis bayan La'asar. Saura naira 4,000, zan zo da ita. Na gode."

Ya san wane ne, ya san wane kaya, ya san rana da lokaci da kuɗi. Ko da yana kan keke ne, kallo ɗaya zai amsa. Idan maganar ta shafi rana, rubuta sunan ranar da kwanan wata, domin "gobe" da aka karanta washegari ta zama jibi. Gayyatar ɗaurin aure ko suna ma haka: kada ka tsaya ga hoton kati, rubuta rana, ƙarfe nawa, wane masallaci, wace unguwa a ƙasansa, saboda wanda datarsa ba za ta buɗe hoto ba.

Saƙon murya rahama ne ga wanda karatu ke yi wa wuya, da mai matsalar ido, da wanda hannunsa ke cikin aiki. Illarsa ba a iya binciko abin da ke ciki. Lambar asusun da aka faɗa a minti na uku na murya, sai an saurara daga farko, kuma nan ake jin bakwai a matsayin takwas. Don haka ko murya ka aika, lamba da farashi da adireshi ka bi su da rubutu. Idan ka yi kuskure a rubutun, WhatsApp yana barin a gyara cikin minti 15.

Ga mai tura tes na layi zuwa ƙananan wayoyi, akwai abin da ya shafe mu musamman. Shafin tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka. Amma da ka sa ƙ, ɗ ko ɓ guda ɗaya, ko ɗan hoton fuska, tsarin rubutun yakan sauya, shafin ya koma haruffa 70, saƙon da ya kamata a caje ka ɗaya ya zama biyu ko uku. Wasu tsofaffin wayoyi ma akwati-akwati suke nunawa a madadin harafin. A tes na layi ka yi haƙuri da k, d, b. A WhatsApp kuwa babu wannan iyaka, ka rubuta Hausarka daidai. Madannin Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa. Ƙara ta, haruffan masu lanƙwasa su zo kusa, ya kuma daina mayar maka da kalmomi Turanci.

Akwai abin da ba a yi da rubutu. Rasuwa ba a fara sanar da makusanci ta tes. Dattijo kiransa ake yi, idan yana gari kuma a taka. Magana mai zafi ma idan aka rubuta ta, ba a jin murya, sai a ɗauke ta fiye da yadda aka nufa, ga shi kuma ana iya ɗaukar hotonta a tura gaba.

Na shida: kuɗi da bashi su koma littafi

A nan na fi tsayawa kan takarda. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Saƙon WhatsApp yana taimakawa, amma wanda ya turo yana iya goge shi daga ɓangarorin biyu cikin kusan kwana biyu, wasu kuma sun kunna saƙo mai ɓacewa da kansa. Shafin littafin da mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida, a wurinka yake.

Ja layi ka raba shafi gida biyar: kwanan wata, suna, abin da aka karɓa, abin da aka biya, saura. Wanda kuke yawan hulɗa ka ba shi shafinsa shi kaɗai, ka rubuta lambar shafin a bangon baya. Da biro ake rubutawa, kuma ba a gogewa. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a gefe. A rubuta nan take mai karɓa yana tsaye, a karanta masa. Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya yi da ajami. Uwar adashi ma haka: sunaye a jere, ranakun zubi a sama, wadda ta kwasa ta sa hannu.

Wayar tana da nata rabon a nan. Duk daren Alhamis, ko kullum idan cinikin da yawa, ɗauki hoton shafukan da aka taɓa, a wuri mai haske, ka tabbata sun hau asusun Google. Gobara a kasuwa, ruwan damina da gara ba su san littafin bashi ba. Rasit ɗin masu POS kuma rubutunsa da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, shi ya sa yake kodewa a aljihu. Wanda ya shafi kuɗi mai kauri, kamar kuɗin makaranta ko haya, a ɗauki hotonsa ranar. Game da tiransifa, hoton da mai saye ya nuna maka ba shaida ba ce, tes ɗin alat ma ana iya ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan ragowarka kafin kaya su bar shago. Idan sabis ya hana, mai saye na ƙwarai ba zai ji haushin jira ba.

Na bakwai: bar wa waya aikin tunatarwa

Littafi ba ya yin ƙara. Ranar komawa asibiti a Shika, ranar ƙarewar haya, rigakafin jariri, rufe rajistar jarrabawa, zubin adashi, duk su shiga kalandar waya a lokacin da aka faɗa maka, da tunatarwa biyu: kwana ɗaya kafin ranar, da kuma safiyarta. Abin da ke maimaituwa, kamar shan magani, ƙararrawa ta fi, a rubuta mata suna. Kalandar Google tana iya nuna kwanan watan Musulunci a gefe, sai dai lissafi ne, yakan saɓa da kwana ɗaya da ganin watan da Sarkin Musulmi ya sanar.

Ayyukan yini kuwa, ƙaramar takarda a aljihu ta fi. Rubuta abu uku zuwa biyar da safe, ka soke kowanne idan ka gama. Dalili shi ne wanda ya buɗe waya don duba jerin cefane yakan tarar da saƙo goma suna jiransa, ya manta abin da ya kai shi. Ɗalibai ma su lura: ɗaukar hoton allo ko na littafin aboki ba karatu ba ne. Hoton yana da amfani idan an zauna da dare an kwafe shi da hannu, an taƙaita da kalmomin kai.

Takardun shaida, irin su takardar NIN, ta haihuwa, sakamakon jarrabawa da takardun fili, a ɗauki hotonsu a sa a Drive cikin jaka ɗaya, kada a bar su warwatse cikin hotunan biki. Na asalin a sa su a leda mai kauri, a ɗaga su daga ƙasa.

Idan wayar ta tafi

Jerin yana da muhimmanci, kuma littafin nan shi zai ja ka. Ari waya ka rufe asusun banki tukuna. Sannan ka kira kamfanin layi a dakatar da layin. Idan kana iya shiga asusun Google a wata waya ko kwamfuta, manhajar Google ta neman waya za ta nuna inda aka ga taka na ƙarshe, ta kuma ba ka damar kulle ta ko goge ta muddin ta hau intanet. Kada ka bi taswira kai kaɗai zuwa gidan kowa. Kai rahoto wurin 'yan sanda da lambar IMEI da kwalin wayar ko rasit ɗinta. Je ofishin kamfani da NIN ɗinka a yi maka welkom-bak, wato a dawo maka da lambarka a sabon layi, kuma a nan ne wanda ke amfani da layin da aka yi rajista da sunan wani yake shan wuya, don haka a gyara wannan tun yanzu. Da layin ya dawo, yi rajistar WhatsApp a sabuwar waya, na tsohuwar zai fita da kansa, ka sa asusun Google ɗinka lambobi da hirarraki su sauko.

Wayar da za ka sayar ko ka ba ƙani, cire asusun Google daga cikinta da farko, zare layi da memori, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Layin da ka daina amfani da shi kuma ka je banki a cire shi daga asusunka da BVN ɗinka, domin layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba kamfani kan sake sayar da shi ga wani, alat ɗinka ya riƙa shiga hannun wanda ba ka sani ba.